Mai Da Yaro Mubi Ba Shi Ne Magani Ba

Akwai wata al'ada da ta zauna a unguwannin 'yan Arewa na Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har Sabo ta Badun. Da zarar an ga yaro ya faɗa shan Tramol ko kodin, sai dattawa su haɗa kuɗin mota, a ɗora shi a tirelar da ta sauke shanu, wai a kai shi gida ya huce. Idan ɗan Mubi ne, Mubi za a nufa da shi. Ni a ganina, jama'a, wannan kau da kai ne kurum.

Mu duba garin da muke turawa. Mubi babbar kasuwa ce a bakin iyakar Kamaru, kuma jami'an hukumar NDLEA sun sha kama ƙwayoyi a cikinta da hanyoyinta. Tun da 'yan Boko Haram suka mamaye ta a watan Oktoba na 2014, kafin a ƙwato ta a Nuwamba, samari da yawa sun tashi da firgici da zaman banza. Ashe wanda aka raba da ƙwaya a Agege aka kai can, an ɗauke shi daga tafki an jefa shi kogi ke nan.

Abin da ya kamata mu fahimta shi ne, jikin mai shan nan ya riga ya saba. Tramol ɗin da doka ta yarda da shi mai miligiram 50 ne ko 100, amma na sumoga yakan kai 225. In an yanke masa rana ɗaya, sai zufa da zawo da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso, mutanen gida kuwa su ce iska ce, a nemo mari. Mun ga ƙarshen wannan a 2019, sa'ad da 'yan sanda suka fito da mutane wajen 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Sa'an nan ga wani haɗari: wanda ya yi makonni bai sha ba, in ya koma ya haɗiye adadin da ya saba, yana iya sheƙewa, gama jikin ya daina ɗauka.

Kada wani ya ce ɗansa kaɗai ne ya lalace. Binciken da aka fitar a 2019 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa umarnin likita ba, kuma cikin kowane masu shaye-shaye huɗu ɗaya mace ce. Hana shigo da maganin tari mai kodin da aka yi a 2018 ya taɓa kwalba, bai taɓa wanda ya riga ya kamu ba.

Abin mamaki, asibitin yana ƙofar gidanmu a nan Kudu. Ga na Yaba a Ikko, ga na Aro a Abekuta, inda likitoci ke janye ƙwaya sannu a hankali tare da ba da shawara. Daga Mubi kuwa sai an yi doguwar tafiya zuwa Yola ko Maiduguri.

Saboda haka ina kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwar kara su mai da kuɗin motar nan kuɗin asibiti, su kuma tanadar wa yaro wurin tsayawa a kasuwa in an sallamo shi, ko da ya sake zamewa sau ɗaya ko biyu. Janar Buba Marwa, wanda aka ba shugabancin NDLEA a 2021, ɗan Michika ne, maƙwabciyar Mubi, ya kuma mulki Ikko daga 1996 zuwa 1999. Wakilan yankin su je masa da buƙatar cibiyar jinya mai gadaje da likitoci a Mubi, su nemi a sa ta cikin kasafin kuɗi.