Aron takarda cin amana ne

A wani taron suna da muka halarta a Catford, cikin ƙaramar hukumar Lewisham, na ji wani ɗan'uwa yana ba sabon zuwa shawara cikin raha: kada ya tsaya jiran takardar DBS, akwai mai ba shi aron tasa da sunansa, ya riƙa zuwa aikin dare a raba kuɗin. Aka yi dariya aka wuce. Ni ma na yi shiru, kuma shirun nan ne ya hana ni sukuni har na ɗauki alƙalami.

Na san uzurin, domin ni ma ɗalibi ne. Bizar karatu ba ta yarda a wuce awa 20 a mako ba lokacin zangon karatu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, kuɗin makaranta ya zama dutse a ƙirjin iyaye. Tantancewar kan ɗauki makonni, mai gidan haya kuwa ba ya jira. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai a cikin lissafin an manta da mutum ɗaya: wanda ake shiga ɗakinsa da tsakar dare a juya shi, a yi masa wanka, a ba shi magani, alhali wani lokaci ba ya iya furta ko kalma ɗaya, balle ya kai ƙara.

Wannan takarda ba don a wulaƙanta baƙi aka ƙirƙiro ta ba, kamar yadda wasunmu ke faɗa. Tushenta jini ne na 'ya'yan Turawan kansu. A 2002 wani mai kula da ginin makaranta, Ian Huntley, ya kashe yara mata biyu 'yan shekara goma a garin Soham. Binciken Bichard na 2004 ya gano cewa an sha zarginsa a baya, amma labarin bai isa ga masu ɗaukarsa aiki ba. Daga nan aka yi dokar kare masu rauni ta 2006, sannan a Disambar 2012 aka haɗe hukumomi biyu suka zama DBS. Tana duba hukuncin kotu da gargaɗin 'yan sanda, tana kuma riƙe da jerin sunaye biyu na waɗanda aka haramta wa aiki, ɗaya da yara, ɗaya da manya masu rauni. Wajibi ne kamfanin da ya kori ma'aikaci saboda cutar da wanda yake kulawa ya kai sunansa. Wanda ya yi aiki da sunan wani ya rushe wannan katanga baki ɗaya, domin an tantance Audu, Tanko ne ke cikin ɗaki. In an sami kuskuren magani, sunan wa za a rubuta? Wanda ya ba da aron da wanda ya karɓa duk zamba suka aikata, kuma bizarsu da karatunsu ne a bakin wuta.

Masu cewa takarda ba ta hana mugunta suna da hujja. A 2011 shirin Panorama na BBC ya fallasa azabar da ake yi wa masu tawayar fahimta a asibitin Winterbourne View kusa da Bristol. An hukunta ma'aikata 11, shida suka tafi kurkuku. Takarda tana kama wanda aka taɓa kamawa ne kawai. Amma don ɓarawo na iya haura katanga, ba wanda ke kwana ƙofa a buɗe. Shi ya sa dokar kulawa ta 2014 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma, har da Lewisham, kafa kwamitin kare manya masu rauni da bincikar duk zargin cutarwa.

A nan maganar ta komo gida. DBS ba ta ganin abin da mutum ya aikata a Kano ko Kaduna. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne takardar shaidar hali ta 'yan sandan Nijeriya, kuma darajarta daidai take da darajar kundin da aka ciro ta daga ciki. Hukuncin da kotun majistare ta yanke a wani ƙauye, da wace hanya yake isa babban kundin masu laifi na Alagbon a Legas? Wannan tambaya ce da ya kamata mu yi wa 'yan majalisarmu duk lokacin da suka zo Landan neman tafi.

Ba don Turawa kaɗai za mu yi ta ba. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa. Wata guda bayan haka aka ga irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, bisa shaidar baki cewa mai gidan mutumin kirki ne. Muna da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, muna da kundin masu laifin fyaɗe da aka ƙaddamar a Nuwambar wannan shekarar. Amma wane mai makaranta ko gidan marayu ne ya taɓa rasa lasisinsa don bai duba kundin ba kafin ya ɗauki ma'aikaci? Mu kan ce amana, amma mun bar ta a hannun "ɗan gidan wane ne".

Don haka ina kira ga ƙungiyarmu da abu uku. Mu daina ɗaukar aron takarda a matsayin taimakon ɗan'uwa, mu kira shi da sunansa a taro da masallaci. Mu kafa asusun rance ga sabon zuwa har takardarsa ta fito, domin ba a yi wa mai yunwa wa'azi da baki kawai. Sannan mu rubuta wa majalisun dokokin jihohinmu mu nemi dokar da za ta wajabta tantance duk mai aiki da yara da masu buƙata ta musamman. Tun Yulin 2025 Birtaniya ta rufe ƙofar ɗauko sababbin masu wannan aiki daga waje. Waɗanda muke ciki, sunanmu ne jarinmu, kuma wake ɗaya ke ɓata gari.