Buhun Taki Ba Ya Raya Jigawa

Jama'a, a aji an koya mana cewa ƙasar rairayi ta bakin teku, irin ta Badagiri mai kwakwa, ba ta riƙe taki, domin ruwan sama mai yawa kan wanke shi ya nutse. Muka haddace, muka ci jarrabawa. Amma ba wanda ya ce mana wannan ciwo yana nan a gonakinmu na Dayi.

Manominmu ya bambance laka da fako da jigawa. Ya san ruwan Agusta kan ratsa jigawa kamar an zuba a kwando. Shi ya sa kakanninmu ke kai takin gida a mangala, bayan girbi kuma su bar wa Fulani kara don shanu su kwana a gona.

Da shirin raya aikin gona na Funtuwa ya zo a 1975 da kuɗin Bankin Duniya, takin zamani ya yi araha, masara ta yi kyau. Ban musa ba. Amma sai muka saki reshe muka kama ganye. Yau buhu ya yi tsada, ƙasa ta gaji.

Wani zai ce takin gida ba ya isa. Gaskiya ne, a haɗa biyun, domin shi ke riƙe wa rairayi danshi da abincin shuka.

'Yan'uwa ɗalibai, in an yi hutu mu zauna da tsofaffin manoma, mu rubuta wannan ilmi da Hausa tun ba a binne shi da su ba.