Igiyar wutar kwamfuta: Ƙaramin kayan da ke iya cinye shago

A watan Agustan 2014, kamfanin HP ya nemi masu kwamfutocinsa na tafi-da-gidanka a Amurka da Kanada su daina amfani da igiyar da ke haɗa caja da soket, su karɓi wata kyauta. Igiyoyin da abin ya shafa sun kusa miliyan 6, suna ɗauke da alamar LS-15, an kuma sayar da su daga Satumban 2010 zuwa Yunin 2012. Laifinsu shi ne ɗaukar zafi har su narke ko su ƙona mutum. A ƙarshen wannan shekara Lenovo ma ya janye irinsu sama da 500,000, sannan a farkon 2016 Microsoft ya janye igiyoyin Surface Pro fiye da miliyan 2.

Wannan batu ya shafi Najeriya, domin da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ake sayarwa a Computer Village da ke Ikeja ko Titin Beirut a Kano daga waɗancan ƙasashe suke fitowa, wasu da tsofaffin igiyoyinsu. Mai saye yakan duba ƙarfin batir da lafiyar allo, amma da wuya ya ɗaga igiya ya duba. Idan ta lalace kuma, sai ya nemi mafi araha a bakin titi.

Araha dai ba ta ado. Igiya ta ƙwarai jan ƙarfe ne zalla a cikinta, mai kaurin da aka rubuta a jikinta. Ta jabu kuwa roba ce mai kauri a waje, cikinta 'yan siraran zaruruwa, wani lokaci ma alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Alminiyam bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, kuma duk wayar da ta yi wa wuta ƙunci sai ta yi zafi. Idan wutar da ke bi ta cikin waya ta ninka sau biyu, zafin da take haifarwa sau huɗu yake ninkawa.

Ba ingancin igiya ne kaɗai matsalar ba, har da yadda ake jona ta. Filogi mai ƙafa uku da ake amfani da shi a ƙasar nan bai wuce amfiya 13 ba, wato kusan wat 3,000 a wutarmu mai bolt 230. Cajar kwamfutar tafi-da-gidanka takan ja wat 45 zuwa 90 ne kawai, amma butar dafa ruwa ta lantarki tana jan kusan 2,000, dutsen guga kuma sama da 1,000. Wanda ya haɗa su a ekstenshan guda da kwamfuta da injin hoton takardu ya riga ya zarce iyaka. Fiyus ɗin da ke cikin filogi shi ne ya kamata ya tsinke a irin wannan hali, sai dai sau da yawa an riga an maye gurbinsa da guntun waya. Wasu ma yanke filogin suke yi, su cusa tsirarar waya a soket su danne da tsinken ashana. Duk inda haɗi ya yi sako-sako, tartsatsi da zafi na taruwa a wurin.

Alamomin haɗari a bayyane suke: igiyar da ta yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, warin ƙonewar roba, bakin soket da ya yi baƙi, ƙara kamar ta suya, ko igiyar da sai an lanƙwasa ta kafin caji ya kama. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a zare ta a jefar. Naɗe ta da salatif ɓoye ciwo ne kawai. Haka nan bai dace a bi da igiya ƙarƙashin darduma ko a bar caja a kan katifa ba, domin zafi ba ya samun hanyar fita.

Masu shagunan buga takardu da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta da ofisoshi ya kamata su mayar da kashe soket kafin tashi ya zama doka, saboda wuta takan dawo da tsakar dare lokacin da babu kowa. Idan kuma gobara ta tashi daga waya, a fara kashe babban makunni, a yi amfani da tukunyar kashe gobara ta gari ko yashi. Ruwa a kan wayar da ke da wuta na iya kashe mai watsawa.

Babban nauyin yana kan hukuma. Mai saye ba zai iya yanka kowace igiya ya ga cikinta ba, shi ya sa aka kafa Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON, wadda ke da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, da kuma NEMSA mai duba lafiyar kayan lantarki da yadda ake haɗa su. Ya kamata su riƙa shiga kasuwanni suna auna kaurin waya, su kama jabu, su kuma sanar da jama'a da harsunan da suke ji duk lokacin da wani kamfani ya janye kayansa. Shugabannin kasuwanni su ma su hana sayar da irin waɗannan igiyoyi a layukansu, domin idan shago ɗaya ya kama, na maƙwabta ba sa tsira.