Shaidar da ba ta rantsuwa: wa zai biya kuɗin ajiyarta a Damagaram?

A zamanin Sarki Tanimun, alƙalin Damagaram yana yanke hukunci ne da bakin shaidu da rantsuwa. A yau shari'a tana neman wata shaida wadda ba ta rantsuwa: zanen yatsa a jikin ƙofa, kwanson harsashi, ɗigon jini a riga, ko ƙwayar Tramadol da aka kama a tashar mota. Irin wannan shaida ba ta da amfani sai an ɗauke ta da tsabta, an rufe ta da hatimi, an ajiye ta inda ba za ta lalace ba, sa'an nan an auna ta.

Shekaru da dama, wani kaso na wannan aiki ya dogara ga taimakon waje. Ƙungiyar EUCAP Sahel, wadda Tarayyar Turai ta kafa a 2012, ta horar da ƴan sandan kimiyya na Nijar, ta kuma ba su kayan aiki. A watan Disamba na 2023 gwamnati ta soke yarjejeniyar. Tun daga ranar, tambayar ta dawo gida: wa zai sayi sinadarai, wa zai gyara na'ura in ta tsaya?

Domin kuwa sayen na'ura shi ne mai sauƙi. Ana bikin karɓarta rana ɗaya, amma ciyar da ita aikin kowace shekara ne. Sinadarai suna da wa'adi, ma'aikacin da aka horar ana yi masa canjin wurin aiki, firiji kuma ba ya aiki sai da lantarki. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, an ga yadda wannan igiya take da rauni.

Ga Damagaram akwai ƙarin nauyi. Babban ɗakin binciken ƴan sanda yana Yamai, tafiyar kilomita kusan 900. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma jinin da ya kwana cikin leda a wannan zafi yakan ruɓe kafin ya isa. Alhali a birnin akwai kotun ɗaukaka ƙara, wadda har ƙararrakin jahar Difa suke zuwa gabanta. In shaida ta lalace, mai laifi ya kuɓuta, ko kuwa marar laifi ya daɗe a gidan kaso yana jiran sakamako.

Saboda haka abin da ya kamata a fara da shi ba na'ura mai tsada ba ce. Ɗakin ajiya ne mai kulle, da rajista mai nuna wanda ya karɓa da wanda ya fitar, da firiji mai aiki da hasken rana, da motar kai samfuri Yamai a kan lokaci. Kuɗin waɗannan kuma ya dace su samu gurbinsu cikin kasafin ƙasa na kowace shekara, ba su jira mai kyauta ba.