Kwana a kan Tafkin Chadi: Dokar wace ƙasa ke aiki?

Ba sabon abu ba ne masunci ya haɗa jarkoki da katako, ya kafe su da doguwar sanda a cikin Tafkin Chadi, ya kwana kusa da komarsa. Tambayar ita ce, a ruwan wa ya kwana?

Ƙasashe huɗu ne suka raba tafkin: Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. Dokar inda mutum ya kafa sanda ce ke hawa kansa, ko daga ina ya taso. Idan ba mu manta ba, a 2002 Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Darak, duk da ɗimbin 'yan Nijeriya da ke zaune a can. Ita ma Nijar ta hana kamun kifi a jihar Diffa daga 2015 zuwa 2019 saboda Boko Haram.

Ga kuma iska, wadda kan tumɓuke sanda cikin dare ta tsallakar da mai barci iyaka. Sojan da ya hango shi kuwa zai iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri. Bayan harin Barkaram na Oktoban 2024, rahotanni sun ce masunta na cikin waɗanda jiragen yaƙin Chadi suka kashe.

Saboda haka mu da ke ba masunta kuɗi kafin banda ta iso kasuwa, mu riƙa tambayar inda suke kwana. Jarinmu da ransu duka suna kan jarkokin nan.