Ɗaliba Ta Faɗi, Malamai Na Cacar Baki

Duk wanda ya riƙe alli a makarantun sakandaren Nijar tun daga shekarun 2000 ya san yadda abin yake farawa. Ana tsakar darasi, sai wata ɗaliba ta ƙwalla ƙara ta zube ƙasa. Kafin mushe ya juyo daga allo, ta biyu ta bi ta, ta uku ta bi ta biyu. Wasu su sandare, wasu su yi ta birgima, wasu su dinga magana da muryar da ba a san su da ita ba. Sai a tashi aji, a aika wa iyaye, a ɗauko malaman ruƙiyya. Jaridun Faransanci sun raɗa wa abin suna génie tchatcheur, wato aljani mai surutu, kuma ya zaga jihohin ƙasar, Damagaram ma ba ta tsira ba.

Bayan ƙura ta lafa, sai wata ƙurar ta tashi, ta cacar baki. Ɓangare guda ya ce aljani ne, wanda duk ya yi tambaya imaninsa da rauni. Ɗaya ɓangaren ya ce jahilci ne da wasan kwaikwayo. A da gardamar tana ƙarewa a ɗakin hutun malamai ko a gindin bishiyar fada, wurin shan shayi. Yanzu ta koma cikin wayar salula, inda ba a ganin furfurar kowa, ba a jin nauyin kowa. Abin takaicin shi ne, waɗanda ya fi cancanta a ji muryarsu, wato malaman ilimin halayyar ɗan Adam, su ne aka fi rasa ta. Birnin Zinder ba ya rasa su: ga makarantar horon malamai ta Askia Mohamed, ga jami'ar da aka kafa a 2010 wadda ke ɗauke da sunan André Salifou, ga ma'aikatan sashen masu taɓin hankali a babban asibiti. Amma wasu masu wannan ilimi sun ja bakinsu sun yi gum don gudun a kira su ƴan boko aƙida, wasu kuma in sun buɗe baki sai izgili ya riga hujja fitowa. Shirun da izgilin duka cin amanar ilimi ne, kuma yarinyar da ke kwance a ƙasa ita ke biyan kuɗinsu.

Ilimi yana da abin cewa a nan, kuma ba ƙarami ba. A watan Janairun 1962, a wata makarantar ƴan mata ta kwana da ke Kashasha a ƙasar Tanganyika, dariya da kuka marasa tsayawa suka kama ɗalibai uku, suka yaɗu har suka kama 95 daga cikin 159, aka rufe makarantar. A ƙarshen 1995 ɗaruruwan ɗalibai mata suka dinga faɗuwa a makarantun Kano, aka danganta abin ga aljana Sumbuƙa, kuma daga lokacin kasuwar ruƙiyya ta buɗe sosai a birnin. A 2011 da 2012, a garin Le Roy na Amurka, inda ba a san bori ba, wasu ɗalibai mata suka kamu da fizge-fizgen jiki da furucin da ba su iya hanawa. Ƙasashe uku, al'adu uku, amma kamannin abin ɗaya ne. Yana kama matasa, galibi mata, a wurin da suke cunkushe cikin matsi. Yana tafiya daga wadda ta faɗi zuwa wadda ta gani ko ta ji, musamman ƙawarta. Firgici yana sa numfashi ya yi sauri, saurin numfashi yana kawo jiri da sandarewar yatsu, ita kuma sandarewar tana ƙara firgicin. Yana lafawa idan aka raba waɗanda suka kamu, aka kwantar musu da hankali, aka kori ƴan kallo. Yana ƙaruwa idan aka yi dafifi, aka yayata.

Babu wani masani na gaskiya da ya ce yaran nan ƙarya suke yi. Ciwonsu ciwo ne, jiki ne yake faɗin abin da baki ya kasa faɗa. Mece ce ke cin zuciyar yarinya mai shekara 14 a Mirriya ko Magariya ko Matamai? Ta baro gida da sassafe, watakila ba ta karya ba, ta zauna a ajin da ya cika maƙil cikin zafin bazara da ke haura digiri 40, jarrabawar BEPC na jiran ta, a gida kuma ana raɗe-raɗin kawo kuɗin gaisuwa. Binciken lafiyar al'umma na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana aurar da su kafin su kai shekara 18, kuma jihar Zinder na sahun gaba. Adeline Masquelier, wadda ta shafe shekaru tana bincike a Dogondutsi, ta lura cewa aljanun da ke magana da bakin ɗalibai sukan koka da an sare bishiyoyinsu an gina azuzuwa. Ko wanda bai yarda da maganar ba, in yana da kunne, zai ji a cikinta tsohon rikicin da ke tsakanin lakkwal da gari, rikicin da manya suka kasa warwarewa suka ɗora wa yara.

Masu cewa wannan ilimi kafirci ne suna da hujja guda da suke maimaitawa, sunanta Freud. Gaskiya ne Sigmund Freud ya rubuta littafi a 1927 yana kiran addini ruɗin zuciya, kuma gaskiya ne ɗaliban falsafa sun fi jin sunansa a kan na kowa. Sai dai ra'ayinsa kan addini ra'ayi ne, bai auna shi a wani ɗakin gwaji ba, kuma masana na yau sun yi watsi da da yawa daga cikin abin da ya koyar. Ƙarnuka tara kafin Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig a 1879, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus. A ciki ya yi bayanin fushi da tsoro da waswasi, ya kuma raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili, wanda ake magance shi da nasiha da gyaran tunani, da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, wanda tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar maganin likita. Malik Badri, masanin nan ɗan Sudan da ya rasu a 2021, ya gargaɗi takwarorinsa Musulmi tun a 1979 kan haɗiye duk abin da ya fito daga Yamma ba tare da taunawa ba, amma bai taɓa cewa a rufe fannin ba. Shi ne ma ya fassara Balkhi don duniya ta karanta. Damagaram kanta ba ta saba ƙin ilimi don ya zo daga nesa ba. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884 ya kuma kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙeransa sun ƙera igwa, bai tsaya tambayar addinin wanda ya fara ƙirƙiro ta ba.

Akwai kuma bambancin da masu zafin kai suke tsallakewa da gangan. Samuwar aljanu magana ce ta Alƙur'ani, sura guda ma sunansu take ɗauke da shi, kuma ma'aunin kimiyya bai kai can ba balle ya tabbatar ko ya kore. Amma cewa wance ƴar wane, da ta faɗi ranar Talata da hantsi, aljani ne ya kayar da ita, wannan ba aya ba ce; hukunci ne na wani mutum, yana iya dacewa, yana iya kuskure. Magabata ma sun yi saɓani a nan. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya tabbatar da shigar aljani jikin mutum da yin magana da harshensa. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya ƙi yarda da batun maganar, ya ɗauke ta dabarar masu neman abinci da tsubbu. Babu wanda ya fitar da Ibn Hazm daga Musulunci saboda haka. To, don me za a kafirta malamin makaranta da ya ce a fara auna jinin yarinya? A cikin goma da suka faɗi, ana iya samun guda mai farfaɗiya, ko mai zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko mai ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa in suna shan maganin da ya dace. Wanda ya hana irin wannan yarinya ganin likita, ya tsare ta ana dukan aljanin da ke jikinta alhali fatarta ce ke shan bulalar, zai amsa tambaya gobe kiyama, komai tsawon carbinsa.

Masu izgili su ma kada su yi saurin tafi, don laifinsu bai gaza na farko ba. Sun karanta littattafai, amma sun manta darasin farko na fanninsu, cewa ba a warkar da mutumin da aka raina. Uban da aka kira jahili a gaban jama'a ba zai sake kawo ƴarsa ba, zai cire ta daga makaranta ya ɗaura mata aure, ya ce ya raba ta da aljanun boko. Manyan likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka sun gane haka tuntuni. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da danginsa, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da masu maganin gargajiya. Henri Collomb ya bi irin wannan hanya a asibitin Fann na Dakar daga 1959. A 2020 Oye Gureje da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi: masu taɓin hankalin da ma'aikatan lafiya suka kula da su tare da masu magani na gargajiya da na addini sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bar su a hannun masu maganin kaɗai. Wanda ya ƙi zama da liman saboda ganin girman digirinsa, ya saɓa wa binciken da yake tinƙaho da shi. Sannan ga matsalar harshe. Masani ya iya zuba Faransanci awa biyu a ɗakin taro, amma a ce ya yi wa tsohuwa bayanin firgici da Hausa a gidan rediyo, sai ya kama inda-inda. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Uzurin ya ƙare.

Saura ladabi, wanda wasu suke ɗauka ado ne da ake yafa wa magana. A wannan lamari ladabi yana cikin maganin kansa. Idan ciwo yana yaɗuwa ta ido da kunne, to wanda ya ɗaga waya ya ɗauki yarinya tana birgima, ɗankwalinta ya faɗi, ya tura wa jama'a ta WhatsApp ko Facebook, ya ɗauki ciwon ne ya kai shi wata makarantar. Likitocin Le Roy sun lura da haka, har suka shawarci yaran su ƙaurace wa kafofin sadarwa da ƴan jarida, kuma da yawansu suka samu sauƙi. Bayan haka hoto ba ya mutuwa. Shekara biyar nan gaba, dangin mai neman aurenta za su ciro shi su ce ai mai iska ce. Mai ruƙiyyar da ke tallar kansa da bidiyon marasa lafiya da ɗan bokon da ke yaɗa bidiyon don a yi dariya, jirgi ɗaya ya kwaso su. Suratul Hujurat ta yi umarni a tantance labari kafin a yi aiki da shi, ta hana izgili da jifa da miyagun laƙubba da bin diddigi da giba. Ƙa'idar aikin masana halayya ta wajabta rufe sirrin mara lafiya. Littattafan biyu sun haɗu a kan abu guda, kuma kowane ɓangare yana take nasa da babban yatsa. Mutanen Zinder sun san inda izgili da fushi suke kai gari: ranar 16 ga Janairun 2015, zanen ɓatanci da aka buga a Paris ya ƙare da asarar rayuka a nan, da ƙona coci-coci da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar tare da ɗakin karatunta.

Abin da ake nema daga malaman ilimin halayya bai fi ƙarfinsu ba. Su koya wa kowane ɗalibin malanta abin da zai yi a minti goma na farko: ya fitar da wadda ta faɗi zuwa inuwa, ya sallami ƴan kallo, ya hana ɗaukar hoto, ya sa mace ta zauna da ita, ya tura ta asibiti a duba jininta da ƙwaƙwalwarta. Su je zauren liman da kansu, su cire takalmi, su yi gaisuwa, su ce: Allah gafarta malam, a yi mata addu'a, amma kada a doke ta, kada a tara mata jama'a, kada a hana ta ganin likita. Malamin kirki ba zai ƙi wannan ba, wanda ya ƙi kuwa ya tona kansa. Bayan kwana biyu a samu wadda za ta zauna da yarinyar ita kaɗai ta tambaye ta abin da ke damun ta a gida da makaranta, domin a duk wannan hayaniya an yi ta yi wa aljani tambayoyi, ita ba a yi mata ko ɗaya ba. In an yi haka, ranar Litinin za ta koma kan bencinta ta ci gaba da karatu. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ba masu ilimi ladabin faɗar sa.