Injin yankan ciyawa na batir na mai gida ne, mai sana'a ya riƙe na fetur tukuna

Duk mai bibiyar bidiyoyin kayan aiki a YouTube ko TikTok ya san gardamar da Amurkawa ke tafkawa kan injin yankan ciyawa: na fetur ko na batir? In ka ji suna cewa "gas", fetur suke nufi, ba iskar gas ɗin girki ba. Gardamar ta ƙara zafi ne tun Oktoba 2021, lokacin da gwamnan California, Gavin Newsom, ya sa hannu kan dokar da ta kai ga hana sayar da sababbin ƙananan injinan fetur na gyaran farfajiya, daga ƙirar 2024 zuwa sama. Hukumar kula da ingancin iska ta jihar ta ce awa ɗaya na aikin injin yankan ciyawa irin na 'yan kwangila yana fitar da gurɓataccen hayaƙi daidai da tafiyar kusan kilomita 480 a sabuwar mota. A 2023 kuma Honda ta daina ƙera irin waɗannan injinan na fetur a masana'antarta da ke North Carolina.

Hayaƙi hujja ce mai ƙarfi, amma ba ita ce tambayar matashin da ya tara kuɗinsa zai sayi inji ya riƙa zagaya gidaje, makarantu da ofisoshi da damina ba. Shi so yake ya san wanne zai tashi ranar da aiki ya zo, in kuma ya ƙi tashi, wa zai gyara masa. A ganina amsar ta saɓa wa abin da mutane da yawa ke zato. Wanda bai cika amfani da inji ba shi ya fi buƙatar na batir. Wanda zai wuni yana aiki da shi, na fetur ne abokin tafiyarsa.

Dalili shi ne, injin fetur ba aiki ke kashe shi ba, ajiya ce. Man da ya kwana a tanki da kabireta yakan fara lalacewa cikin 'yan makonni: ɓangarensa mai saurin kamawa ya ƙafe, abin da ya rage ya zama danƙo ya toshe 'yan ƙananan ƙofofin da mai ke bi. Duk wanda ya taɓa ajiye ƙaramin janareta wata uku ya dawo ya ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, ya san wannan ciwo. To a ƙasar Hausa ciyawa tana tsayawa da girma daga wajen Oktoba har ruwa ya dawo a Mayu ko Yuni, sai fa gidan da ake ban ruwa. Wato injin mai gida zai yi rabin shekara ko fiye a jingine. Maganin mai sauƙi ne, a tsiyaye man sannan a bar injin ya ci abin da ya rage har ya mutu da kansa. Amma mutum nawa ne ke tunawa? Ga canjin baƙin mai aƙalla sau ɗaya a shekara, ga fulogi, ga matatar iska da ƙurarmu ke cikawa da wuri. Ƙaramin injin da ake ratayawa a kafaɗa kuwa, wanda ake haɗa masa fetur da mai, yawancinsu awon 50 da 1 suke so, wato mililita 100 na mai a lita 5 ta fetur. In aka rage man, fistin ya ci wuta. In aka zuba da ka ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi.

Na batir ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu kabireta, babu fulogi, babu igiyar ja. Ka wasa wuƙa, ka kankare ciyawar da ta manne a ƙasansa, shi ke nan. Ga gidan da ke da ƙaramar farfajiya da sola a saman kwano, ban ga dalilin sayen na fetur ba ko kaɗan.

Sai dai batirin nan ɗan'uwan na wayarka ne, lithium ne shi ma, kuma halinsu ɗaya. Yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi, zafi kuma shi ne babban maƙiyinsa. A Kano ko Sakkwato, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ajiye shi cike da caji a ɗakin kwano na bayan gida hanya ce ta rage masa kwana. Ka bar shi da wajen rabin caji, a ɗaki mai sanyi, ka leƙa shi lokaci-lokaci. In ya yi zafi bayan aiki, ka bari ya huce kafin ka sa shi a caja.

Matsalar mai sana'a tana cikin lissafi ne. Batirin EGO mai bolt 56 da 5Ah yana ɗauke da 280Wh, kimanin batirin waya goma sha biyar masu 5,000mAh. Kamar da yawa, ko? Lita ɗaya ta fetur tana da kusan 9,000Wh. Ƙaramin inji yana ɓarnatar da mafi yawan wannan a zafi da ƙara, amma ko kashi ɗaya cikin biyar ne ya isa wuƙa, ya zarce batir shida. Kamfanonin da kansu minti 45 zuwa awa ɗaya suke alkawari a caji guda, kuma wannan a kan ciyawar da ake yankewa duk mako ne. Jiƙaƙƙiyar ciyawar Agusta da ta kai gwiwa ba za ta ba ka haka ba. Wanda zai gyara filin makaranta yana buƙatar batir uku ko huɗu da wurin caji mai tabbas, batirin kuma shi ne kaso mafi tsada a cikin kuɗin injin.

Na san abin da za a ce: tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, fetur ya zama abin da ake awo da tsoro, cajin 280Wh a sola kuwa kusan kyauta ne. Gaskiya ne. Amma mai sana'a ba kuɗin mai kaɗai yake asara ba, ranar da inji ya tsaya ita ce babbar asararsa. Na fetur yakan yi ƙananan rigingimu akai-akai, sai dai kowace unguwa tana da mai gyaran janareta da zai kwance kabireta, ya wanke, ya busa, ya mayar kafin la'asar. Na batir yakan daɗe bai ba ka matsala ba, amma ranar da allon da ke sarrafa motarsa ya ƙone, sau da yawa a dasƙare yake cikin roba, ba a gyarawa sai dai a sauya gaba ɗaya. In babu dilan kamfanin a ƙasar, sai ka yi odarsa daga waje da dala, ka zauna jira damina tana wucewa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda kowane kamfani ya killace batirinsa. Waya ta kusa haɗuwa a kan USB-C, amma batirin Makita ba ya shiga DeWalt, na Ryobi ba ya shiga EGO. Har lambobin ma akwai dabarar talla a ciki, domin 20V Max na DeWalt da 18V na Makita ƙarfi ɗaya ne. Ɗaya yana faɗin awon batir lokacin da ya cika, ɗayan na faɗin awonsa yayin aiki. Saboda haka kafin ka zaɓi inji, ka fara tambayar inda za ka sami batirinsa nan da shekara uku. Masu gyaran batirin laftof na iya sauya ƙwayoyin 18650 da ke ciki, amma wasu batiran suna kulle kansu da zarar sun ga matsala, kuma haɗin da aka yi da tsofaffin ƙwayoyi yana iya kama wuta.

In kuma na hannu za ka saya wanda aka shigo da shi daga Amurka, ka juya cajar ka karanta bayanta. Yawancinsu na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce. In ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, ka haɗa da tiransifoma mai rage wuta a cikin lissafin kuɗinka tun kafin ka biya.